Bodin mota a bayan gida: aikin katako ne kafin na ƙarfe

Duk wanda ya leƙa rumfar da ke bayan gidana, tambayarsa ɗaya ce: wane inji ka sa wa motar? Ni ba inji nake ƙerawa ba, ba ni ma da wannan niyya. Inji da giya da birki da ƙafafu duk na Volkswagen Beetle ne, Jamusawa sun gama wannan aikin tun ba a haife ni ba. Nawa bodi ne kawai, mai kujera biyu, marar rufi, wanda nake bugawa da hannu daga faifan ƙarfe shimfiɗaɗɗe. Da na faɗi haka sai ka ga fuskar mutum ta ɗan sauka, wai ashe bodi ne kawai. Nakan yi shiru. Wanda bai taɓa lanƙwasa faifai ta fuska biyu a lokaci guda ba, ba zai gane abin da ake nufi ba.

Mutumin Kaduna ne ni, garin Peugeot, don haka abokai da yawa sun so in ɗora aikin a kan 504, tunda a Kakuri aka riƙa harhaɗa ta tun 1975 kuma kayanta ba sa wuyar samu. Matsalar ita ce a salun ɗin 504, kamar kusan duk ƙananan motocin yanzu, bodi da shasi abu ɗaya ne. Rufi da ginshiƙai da dokin ƙofa su ne ke riƙe da motar. Ka yanke su, ka bar wa kanka abin da zai lanƙwashe a ramin farko. Beetle ba haka take ba. Bodinta ɗaure yake da notuna a kan daɓen ƙarfe mai ƙashin baya a tsakiya. Ka kwance notunan, ka cire wayoyi da sandar sitiyari, ƙarti huɗu su ɗaga, sai a bar ka da ƙasan mota cikakke: inji a baya, tayoyi huɗu, giya da birki a wurarensu. Shi ya sa masu ƙera mota a gida a duniya suka daɗe suna sonta. A 1964 wani mutumin Kalifoniya mai suna Bruce Meyers ya fito da 'yar motar yawo a rairayi da injin Beetle, daga baya ya riƙa ɗora bodinsa na roba a kan daɓenta da aka gajarce, aka kuma yi ta kwaikwayonsa har yau. A nan ma ba baƙuwa ba ce, an harhaɗa ta a Legas tun daga 1975, kuma har yanzu akwai gawarwakinta a bayan garejoji, kaji na kwana a ciki.

Ni ban gajarce tawa ba. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.4 ne, haka na bar shi, na zana bodin ya bi wannan tsayin. Abin da na ƙara shi ne ƙarfi. Daɓen shi kaɗai yana murɗewa, domin dokin ƙofar tsohon bodin na daga cikin abin da ke ƙarfafa shi. Saboda haka na ja bututu mai kusurwa huɗu a kowane gefe, na haɗa su da baka ɗaya a ƙarƙashin gilashi da wani mai kauri a bayan kujeru. Na bayan nan ba ado ba ne. Motar da ba ta da rufi in ta kife, shi ne tsakanin kan direba da kwalta.

Abu na farko da na saya bayan shasi shi ne gilashin gaba, kafin in ja layi ko ɗaya. Ƙarfe kana iya sa shi ya bi ra'ayinka, gilashi kuwa kai za ka bi nasa. Irin wanda ke farfashewa kamar tsakuwa ba ya yankuwa sam, wanda kuma ke da leda a tsakiya, in mai lanƙwasa ne, yanka shi caca ce. Na ga motocin da aka gama bodinsu tsaf sannan aka shiga neman gilashi, ƙarshe aka manna roba mai ɗaukar ƙura, rana na haskawa direba ba ya ganin gabansa. Na zaɓi gilashin wata ƙaramar mota a kasuwar Panteka, na kawo gida, na jingine shi a kan shasin da katako, na ɗora kujera na zauna. Daga inda idona ya tsaya, da inda gwiwata ta kai, da inda hannuna ya riƙe sitiyari, daga nan zanen ya tashi.

Koyar da zanen fasaha nake yi a makarantar sakandare, don haka wannan ɓangaren shi ne gidana. Na shafe bangon katanga da farar ƙasa, na ja layukan murabba'i, na zana motar daga gefe da girmanta na gaske. Zanen takarda yana yaudara. Layin da ya yi kyau a ƙaramin littafi, in ka kai shi mita huɗu sai ka ga hanci ya yi tsawo ko baya ta zube. A bango kuwa kana iya ja da baya, ka tsaya bakin ƙofar kicin ka duba, ka dawo ka goge da tsumma. Manyan kamfanoni ma haka suke yi, sai dai su da yumɓu suke gina motar da cikakken girmanta kafin a taɓa ƙarfe. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya yi aiki da General Motors, aka kuma san shi da zanen Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, da fensir ya shiga harkar mota.

Daga bango sai ƙwarangwal na katako, kuma a ganina nan ne ake yin motar ko a ɓata ta. Ga yadda yake. Ka ɗauka an yanyanka motar da ka zana daga hanci zuwa wutsiya, duk bayan santimita 25 yanka ɗaya. Kowane yanka yana da siffarsa. Sai ka fitar da wannan siffa a kan falankin filawud, ka yanke, ka jera su a tsaye bisa doguwar sanda madaidaiciya, kowanne a wurinsa. In ka gama sai ka ga mota tsaye, amma ta haƙarƙari zalla, iska na ratsa ta. Dabarar da ba a wasa da ita: rabi kawai ake zanawa. Ka yanke rabin a kwali, ka zana dama, ka kifa shi a kan layin tsakiya ka zana hagu. Ko ka haɗa falanki biyu da ƙusa ka yanke su tare. Ido ba ya iya daidaita hagu da dama, komai ƙwarewarsa.

Sannan a ɗauko siririyar sanda mai lanƙwasuwa, doguwa, a kwantar da ita a kan haƙarƙarin. In ta taɓa kowanne ba tare da an danna ba, layin ya yi. In ta tsallake ɗaya, wannan ya yi ƙasa, sai a ƙara masa. In ta hau ɗaya ta yi tozo, sai a kankare. A juya ta a tsaye, a kwance, a karkace, ko'ina a gwada. Na daɗe a wannan mataki har mai ɗakina ta fara tambaya ko kafinta na koma. Amma duk tozon da ka bari a katako zai fito a ƙarfe, kuma kankare filawud da sanfefa ya fi gyara ƙarfen da aka riga aka yi wa walda sauƙi nesa ba kusa ba. Wani amfanin ƙwarangwal ɗin shi ne gwajin taya. Na ɗaga gaban motar a jak, na murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare, na tura tayar sama iyakar inda za ta kai in an faɗa rami, na tabbata akwai sarari tsakaninta da inda madigadi zai zauna. Mota a tsaye ba ta gaya maka wannan.

Ƙarfen da na zaɓa baƙin faifai ne mai kaurin milimita ɗaya. Na yi sha'awar alminiyam, don shi ne abin da Italiyawa suka yi suna da shi. Kamfanin Touring na Milan ya yi rajistar wata dabara a 1936, ta gina ƙwarangwal da siraran bututu a lulluɓe shi da faifan alminiyam, kuma da ita aka yi bodin Aston Martin DB5. Alminiyam ba nauyi, yana kuma bin guduma da sauƙi, musamman in an tausasa shi: a goga masa sabulu, a bi shi da wuta har sabulun ya yi baƙi, a bar shi ya huce. Amma yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba, kana cikin dumama shi sai ka ga rami. Waldarsa kuma sai gwani, ga shi in ya zauna jikin baƙin ƙarfe da danshi sai ya fara ci. Baƙin ƙarfe kuwa kowane mai gyaran bodi a garin nan ya san halinsa.

Ga inda aikin yake. Ɗauki takarda ka naɗe ta a jikin gwangwani, za ta kwanta lafiya lau. Ɗauki wata ka ce za ka lulluɓe bayan ƙwarya da ita, sai gefenta ya tattare ko'ina. Faifan ƙarfe haka yake. Lanƙwasa ta fuska ɗaya ba komai ba ce, ko a jikin bututu ka danna za ta yi. Amma madigadi da hancin mota da kafaɗar baya duk ƙwarya ne, sun lanƙwasa ta ko'ina. Hanya biyu ce kawai: ko ka buɗa tsakiyar faifan ya ƙara faɗi ya kumbura, ko ka tsuke gefensa ya ragu. Yawanci sai an haɗa duka biyun. Takardar ma ita ke nuna hanya. Nakan shimfiɗa takardar buhun siminti a kan ƙwarangwal ɗin, in manne ta, duk inda ta tattare in san nan ƙarfe zai buƙaci tsukewa, yawan tattarewar kuma shi ne yawan aikin. Sai in yi alama, in kwashe ta in mayar kan faifai.

Wanda ya nuna mini tsukewa wani dattijo ne mai gyaran bodi, wanda ya yi zamanin da ba a sayen sabon madigadi sai dai a buga tsohon ya dawo. Ya zo ya tarar da ni da kayan aikina, ya dube su, sai ya hango wani tsohon turmi da ya tsage an jingine shi a lungu.

"Malam, wannan na wane ne?"

"Na gida ne, Baba, ya mutu. Itacen girki za a yi da shi."

"Kawo shi nan. Kife shi."

Turmin na ƙirya ne, itacen da ba ya jin duka. Ya sa na fafe gindinsa, rami mai faɗin tafin hannu biyu, marar zurfi sosai. Muka yanke guntun taɓarya aka sa mata ƙota. Ya ɗora gefen faifai a bakin ramin ya buga, sai ƙarfen ya tashi ya yi ƙunji kamar an tsunkule shi. Maimakon ya baje ƙunjin ta inda ya fito, sai ya faro daga bakinsa na ciki, inda ya fi siranta, yana bugawa a hankali yana korar shi zuwa gefe, ta yadda ƙarfen ba shi da wurin gudu sai dai ya shige cikin kansa. Da ya gama, wurin ya kwanta, ya ɗan ƙara kauri, gefen faifan kuma ya ragu. Ya yi haka a jere, faifan da ke shimfiɗe ya fara rufowa da kansa.

"Ka gani? Ba ƙarfi ba ne. In ka buge shi a kan ƙarfe zai buɗe, in ka buge shi a kan itace zai taru. Ka san wanda kake so kafin ka ɗaga hannu."

Ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Maƙeran da ke buga kaskon tuyar ƙosai daga murfin duro abin da suke yi ke nan, kuma a Modena ta Italiya, masu yi wa motocin tseren Ferrari bodi a shekarun 1950, irin su Scaglietti, da guduma da kututture da buhun yashi suka yi aikinsu.

Abin da ke fitowa daga turmi ba ya kyan gani, duk ƙulu-ƙulu ne. Sai an bi shi da lallashi. A Ingila suna da wata na'ura mai faya-fayan ƙarfe biyu, sama da ƙasa, ana tura faifan a tsakaninsu gaba da baya har ya yi sumul. Ni ba ni da ita. Ina da guduma mai faffaɗan baki da na goge har tana ɗaukar ido, da dunƙulen ƙarfe mai tozo da nake tarewa da shi ta ƙasa. Duka ƙanana, kusa da kusa, kowanne ya ɗan hau kan na baya. Kunne ke aikin fiye da ido: in guduma ta sami dunƙulen daidai ƙarar takan fito da kaifi, in ta kuskure sai ka ji ta dushe. Can kuma a ɗauka a kai kan ƙwarangwal a gwada, a leƙa ta ƙasa a ga wane haƙarƙari ne bai taɓa ba, a sa alli, a dawo turmi. Faifan da ya yi daidai yakan zauna da kansa. In sai ka danna shi da gwiwa kafin ya kwanta, bai yi ba, kuma walda ba za ta gyara shi ba.

Madigadin farko daɗi gare shi, don duk yadda ya fito kana iya cewa haka ka so. Na biyun ne alƙali. Dole ya zama ɗan'uwan na farko a juye, kuma hannun mutum yana da ɓangaren da ya fi saba wa. Nan ne ƙwarangwal ke biyan wahalar da aka sha a kansa.

Ba na buga babban ɓangare a faifai guda. Madigadi ɗaya gida huɗu ko biyar nake raba shi, kowane yanki daidai abin da hannu zai iya juyawa a bakin turmi, sannan a haɗa. Waldar lantarki irin ta masu ƙofa da taga ba ta wannan aikin, huda faifan take yi. Ta gas nake amfani da ita, da ƙaramin baki. Gefe da gefe ake haɗawa, ba ɗaya a kan ɗaya ba, don inda aka ɗora nan ruwa ke maƙalewa tsatsa ta fara. A ɗiga nan, a tsallaka can a ɗiga, a bari ya huce, a cike tsakani kaɗan-kaɗan. Duk inda wuta ta taɓa yana tsukewa in ya huce, shi ke jawo faifai ya murɗe, saboda haka bayan kowane ɗan tsayi sai a bi layin waldar da guduma da dunƙule a buɗa shi ya koma yadda yake. Mai gaggawa yakan ja layi ɗaya daga farko har ƙarshe, ya ɗago ya tarar da bonet ya zama igiyar ruwa.

Daga nan ne fila, wato ƙullin da ake cike jikin mota da shi, ke shigowa, kuma a nan nake da magana. Nakan ga hotunan motocin da samarinmu ke ƙerawa ana yaɗawa a Facebook, ina kuma jin daɗinsu har zuciya, don yaron da ya tashi ya haɗa abin da ke tafiya da kuɗin aljihunsa ya fi mai zaman gulma. Amma ka lura da yawancinsu: kusurwa ce ko'ina, faifai shimfiɗaɗɗe an yanka an haɗa, inda kuma ake son lanƙwasa sai a cika da fila a sassaƙa. Fila amfaninta ta rufe 'yan ƙananan tabo, kaurin da bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. In ta yi kauri, zafin rana da girgizar hanya sai su tsattsaga ta, ta riƙa ɓallewa gutsure-gutsure, ga nauyin banza. Ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi jikin mota, inda ya ƙi kamawa ka san abin da ke ƙasa. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba hannu muka rasa ba. Garin da ake yi wa manyan motoci bodin katako tun zamanin kakanni, garin da maƙeri ke fitar da kasko daga duro, ba za a ce ba a iya ba. Awo ne ba a so. Kowa na ɗokin ya ga wuta na tashi a bakin walda, ba mai son ya zauna da kwali da sanda yana gwada haƙarƙari.

Bayan motar ya zo da tasa rigimar. Injin Beetle ba ya shan ruwa, iska ke sanyaya shi, fanka na zuƙowa daga sama tana hurawa a kan silinda, mai zafin ta fita ta ƙasa. Akwai faranti da roba da suka kewaye injin don kada ta ƙasan ta dawo sama. Mai zanen bodi yana iya rufe bayan ya yi sumul don kyau, injin ya riƙa shaƙar iskar da ya riga ya dafa. A zafin Maris da Afrilu na nan, wannan kashe inji ne. Na bar farantan yadda kamfani ya yi su, na gina bodin ya zo ya same su, na kuma buɗe tagogin iska a saman murfin baya fiye da na asali. Sun ɗan rage wa zanen kyau, na haƙura.

Aikin gida ne, don haka akwai haƙƙin mutane. Ba na ɗaga guduma da sassafe, ba na yi bayan magariba, in kuma an ce akwai marar lafiya a maƙwabta sai in koma aikin kwali. Kunnena a toshe nake aiki, duk tsofaffin masu wannan sana'a da na sani sai ka ɗaga murya suke ji. Tankin mai, wanda a Beetle gaba yake, na cire shi na kai can nesa tun kafin a kunna wuta a rumfar. Faifai mai farin shafi irin na kwanon rufi kuma ba na kai shi wuta, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Yara na da iyaka, layi ne na ja da fenti a ƙasa, ba mai tsallakawa sai na kira shi riƙe mini wani abu.

Yanzu hanci da madigadai huɗu da murfin baya suna kan motar, na shafe su da fentin ƙasa don damina. Saura ƙofofi, su ne kuma na bari ƙarshe da gangan. Ƙofa tana son firam na ciki da fata ta waje da za a naɗe bakinta a kansa, tana son sarari daidai wa daida, kamar milimita huɗu, ta kowane gefe, kuma maratayanta biyu dole su zauna a kan layi ɗaya, in ba haka ba ta riƙa cijewa. Maratayan tsohon bodin zan yi amfani da su, tunda a waje suke, saitinsu ya fi sauƙi. Lambar shasi tana nan a kan ƙashin bayan daɓen, inda kujerar baya take a da, na kewaye ta ban taɓa ba, na kuma bar mata ɗan murfi da ake buɗewa, don ranar da zan kai motar wurin jami'an duba lafiyar motoci a gyara takardu su dace da sabon bodi da sabon launi. Baba ya ce in na tashi rataya ƙofar farko in aika a kira shi.